"Da Sauƙi": Dogara ga Allah Idan Ciwo Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

A ƙasar Hausa ba a tambayar majinyaci "ya jiki?" don a ji labarin jikin. Mai tambaya ya san amsar tun bai buɗe baki ba, mai amsawa ma ya san abin da ake jira ya faɗa. Da sauƙi. Ko mutum yana kan gargara, na kusa da shi za su amsa a madadinsa, da sauƙi. Ladabi ne, kuma yana da kyaunsa, don yana suturta mai ciwo a gaban baƙi. Amma na daɗe ina tunanin inda sauran maganar take tafiya, wadda aka haɗiye, musamman idan ciwon ya wuce na mako biyu, ya shekara, ya sake shekara, har mutane suka daina ƙirge.

Akwai gidan da nake zuwa a Mabera, nan cikin Sakkwato. Maigidan mutumin ƙasar Zuru ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, kuma yana cikin dattawan ikilisiyarmu. Hawan jini ya kayar da shi wata safiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Bana shekara bakwai ke nan. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ita ke juya shi a kan katifa dare da rana don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke ba shi kunu da cokali, ita ke wankin zannuwa kullum. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ga babu wuta, ya san abin da ake nufi da mutum ya kwana yana yi wa wani fifita. Ranar nan na gaishe ta a ɗaki, ta ce da sauƙi. Da ta rako ni bakin ƙofa sai ta tsaya, ta dafa ƙyaure, ta rage murya ta ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu. In na ce wa Allah na gaji, zunubi ne?"

Mace ce da ta yi shekara 40 a Zumuntar Mata, ta haddace rabin Littafin Waƙoƙi. Abin da ya sa irinta take jin tsoron furta wannan kalma a gaban Allah shi ne abin dubawa, domin muryoyi biyu ne suka sa ta a tsakiya, kowace da irin nata nauyin.

Ta farko tsohuwa ce, da ita aka yaye mu. Haƙuri maganin zaman duniya. Mahaƙurci mawadaci. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Ba na raina waɗannan maganganu, su suka riƙe kakanninmu a shekarun fari da yunwa. Sai dai a bakin mutane haƙuri ya rikiɗe ya zama shiru. Wanda ya yi ƙorafi an ce ya kasa, wanda ya yi kuka bayan kwanakin zaman makoki an ce bai yarda da hukuncin Allah ba. Kuma kada wani Kirista ya ɗora wa Musulunci wannan. Maƙwabtanmu suna karantawa a Alƙur'ani cewa Annabi Ayuba ya kira Ubangijinsa ya ce cuta ta shafe shi, Annabi Yakubu kuma ya ce ga Allah yake kai ƙarar baƙin cikinsa. Shirun namu na al'ada ne, kunya ce da kara, kuma ya shiga majami'a kamar yadda ya shiga kowane gida.

Murya ta biyu sabuwa ce, ta fi kuma ƙara. Ita ce ta fastocin da hotunansu ke manne a bango ana tallar daren mu'ujiza, da waɗanda ke shigo mana ta waya da talabijin daga Legas da Abuja. Lissafinsu gajere ne. Allah yana warkar da mai bangaskiya, kai ba ka warke ba, to ka binciki kanka. Ko bangaskiyarka ta gaza, ko akwai zunubin da ka ɓoye, ko wata la'ana ce ta gado, ko ba ka "shuka iri" yadda ya kamata ba. Wani irinsu ya taɓa zuwa gidan Mama a shekara ta biyu, ya shafe Baba da man zaitun, ya umarce shi ya tashi ya yi tafiya. Da bai tashi ba, sai ya juya ga matar ya ce akwai mai shakka a ɗakin nan. Kwalbar man tana nan a kan taga har yau, ta yi ƙura. Maganar kuwa ba ta bar ta ba.

Ya kamata a yi wa waɗannan adalci. Littafi Mai Tsarki ya ce a yi addu'a domin marasa lafiya, wasiƙar Yakubu sura 5 ma ta ambaci dattawa da shafa mai. Kirista da ya daina roƙon warkarwa ya bar wani abu na gadonsa. Kuma talauci na tura mutane wurinsu. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mai ciwo yake fita, wanda aka ce masa zai riƙa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako har ƙarshen ransa ba mahaukaci ba ne idan ya nufi inda aka yi masa alkawarin gamawa a dare ɗaya. Bisharar Markus ta san wannan hali, ta ba da labarin matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da duk abin da ta mallaka wurin masu magani, abin sai gaba yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a garin nan ya ga fuskarta.

Laifin lissafin shi ne Littafi Mai Tsarki ya riga ya saurare shi, ya kuma yanke masa hukunci. Shi ne lissafin abokan Ayuba. Elifaz ya tambaye shi ko ya taɓa ganin marar laifi ya hallaka. Bildad, ba kunya ba tsoron Allah, ya nuna wa mutumin da ya binne 'ya'ya goma cewa zunubinsu ne ya ci su. Zofar ya ce ai hukuncin ma bai kai laifin ba. Dukansu suna ganin Allah suke karewa. A sura ta 42 Allah ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Haka almajiran Yesu, da suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. Da aka zo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

To amma wace gaskiya Ayuba ya faɗa da har Allah ya yaba masa? Nan ne nake ganin yawancinmu ba mu karanta littafin ba, labarinsa kawai muka ji. Mun san sura ta 1 da ta 2, inda ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓe. Mun san ta 42, inda aka ninka masa dukiya. Tsakaninsu akwai surori 39, kuma mutumin da ke cikinsu ba mai cewa da sauƙi ba ne. A sura ta 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. Can gaba ya ce Allah ya mai da shi abin bara yana harbinsa, ya ce yana neman inda zai same shi su yi shari'a ido da ido. Da wani zai tashi a sujadar Lahadi ya faɗi rabin wannan, da dattawa sun kira shi ofishin fasto. Amma shi aka ce ya faɗi daidai, masu wa'azin kuwa sai da ya yi musu addu'a aka yafe musu.

Ba shi kaɗai ba ne. Zabura 150 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne. Zabura 13 ta jera "har yaushe" sau huɗu kafin ta ce komai. Zabura 88 ta fi ba ni mamaki, domin sauran sukan juyo a ƙarshe su yi yabo, ita kuwa ta fara da kuka ta ƙare da duhu, kuma ba wanda ya cire ta daga littafin. Musa ya ce wa Allah nauyin jama'ar nan ya fi ƙarfinsa, in haka za a ci gaba gara a kashe shi. Irmiya ya ce Allah ya ruɗe shi. Yesu kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Allah don me ya yashe shi, har Markus ya ajiye mana kalmomin a harshen da aka furta su.

Akwai bambanci tsakanin wannan da gunagunin da aka hukunta Isra'ilawa a kansa a jeji, kuma Bahaushe ya san shi sarai. Ɗan da ya zauna gaban mahaifinsa ya ce "Baba, ka ƙware ni" yana cikin gida har yanzu. Wanda ya koma bayan katanga yana zaginsa wurin maƙwabta, yana shirin komawa Masar, shi ne ya fita. Ayuba ya yi faɗa, amma da Allah ya yi shi, kuma bai taɓa juya baya ya nemi wani ba. A nawa ganin dogara ke nan idan wahala ta yi tsawo: mutum ya ƙi barin ƙofar, ko da abin da ya rage masa na faɗa ƙorafi ne kawai.

Wannan ya sa nake ganin kalmomin da suka fi kowane nauyi a zancen su ne na samarin nan uku a littafin Daniyel. Sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderu, sannan suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mu mun san an cece su, su lokacin da suke magana ba su sani ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna. Habakuk ya yi maganar da kowane manomin Gwadabawa ko Illela zai gane: ɓaure bai yi toho ba, gona ba ta ba da komai ba, garke ya watse, turke ba saniya, duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Ibraniyawa sura 11 kuwa ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, bayan ayoyi uku ta lissafa waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiyarsu. Ba ta ce na biyun sun gaza ba.

Kiristan Sakkwato bai kamata wannan ya zama masa baƙon abu ba, domin tarihinsa a nan ya ratsa ta wurin masu doguwar jinya. Gwamnatin Turawa ta taƙaita wa 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu wata ƙofa, wato kula da masu kuturta. Mishan ɗin SIM, wanda daga cikinsa ECWA ta fito a 1954, ya riƙe Amanawa a nan kusa da birni, kamar yadda ya riƙe Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. A lokacin babu maganin kirki. Allurar man 'ya'yan wani itace ake yi, wanda ake kawowa daga Indiya, mai zafin gaske, amfaninta kuma kaɗan. Mutum yakan shekara goma a wurin. Ƙwayar dafson ta zo daga baya, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke kashe ƙwayar cutar, wanda a yau ake sha na wata 6 zuwa 12. Ka yi tunanin wanda ya yi addu'a shekara ashirin, maganin ya iso bayan yatsun sun tafi. An amsa masa ko ba a amsa ba? Wasu daga cikin waɗanda suka fara rera waƙoƙin majami'a da Hausa a ƙasar nan da dungulmi suke riƙe littafin. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, a irin hannuwan nan ya fara tsufa. Yanzu jikokinsu ne ake gaya wa rashin warkewa alamar rashin bangaskiya ce.

A zamaninmu kuma jiran ya sake kama. Iyalai a Sabon Birni da Isa da Goronyo, Musulmi da Kirista, sun san abin da ake nufi da kwana da waya a hannu ana jiran kiran 'yan bindiga. A daren 8 ga Janairu 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd a Kaduna. Aka yi ta addu'a a majami'u ko'ina. Uku suka dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga dayosis ɗin Sakkwato, gawarsa aka samu, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azin jana'izarsa. Addu'a ɗaya aka yi wa su huɗun. Leah Sharibu kuma, da aka sace tare da 'yan matan Dapchi a watan Fabrairu 2018, an sako sauran da suka rayu bayan wata guda ita aka riƙe, shekara bayan shekara ana ambaton sunanta a addu'a. Duk koyarwar da ba ta da abin faɗa wa iyayen waɗannan sai "ku ƙara bangaskiya" ba ta kai a tsaya da ita a bagade ba.

A nan ina da ƙorafi a kan majami'unmu, har da tawa. Lokacin shaida na masu nasara ne kawai. Wanda ya warke, wanda aka sako, wadda ta haihu bayan shekara takwas, su ke karɓar makirufo, a yi guɗa, a yi baiko na godiya. Daidai ne, a yi. Amma a bencin baya akwai uwar da ta binne ɗa na biyu saboda sikila, tana tafi tare da kowa, tana koyon cewa labarinta ba shi da wuri a gidan Allah. Ban taɓa jin an ba wani dama ya tashi ya ce "bana ma ban warke ba, ga ni dai na zo" ba. Mun gaji littafin waƙa, wato Zabura, da kashi ɗaya cikin ukunsa kuka ne, muka zaɓi na rawa kaɗai.

Akwai wata Hajiya maƙwabciyar Mama da ba ta fasa aiko da fura ko kunu ba tun shekarar farko. In ta shigo takan ce, "Sannu Maman yara, Allah ya sa kaffara ne." Mama takan ce amin, kuma da zuciya ɗaya take faɗa, don ta san fatan alheri ne. Amma Kirista ba ya ɗaukar ciwonsa a matsayin biyan bashin zunubi, domin a bangaskiyarsa an biya wannan a kan gicciye. 'Yan Katolika suna da wata hanyar faɗa, cewa mai wahala yana iya haɗa wahalarsa da ta Almasihu ya miƙa ta domin wasu, Fafaroma John Paul na Biyu ma ya rubuta doguwar wasiƙa a kan haka a 1984. Mu na ECWA da Baptist mun fi jingina ga Romawa sura 5, cewa wahala takan haifi jimiri, jimiri ya haifi hali, hali ya haifi bege. Duka biyun suna ƙoƙarin cewa wahalar ba ta tafi a banza ba. Ni dai ina taka-tsantsan da su a bakin gadon majinyaci. Romawa 8:28, cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, aya ce da mai ciwo zai iya faɗa wa kansa bayan shekaru. Idan mai lafiya ya jefa masa ita yana duba agogo, ta zama dutse.

Abokan Ayuba sun yi abu ɗaya daidai. Da suka iso suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki. Mu kuwa akasin haka muke yi, muna da baki, zaman ne ba mu da shi. Watan farko na ciwon Baba gidan ba masaka tsinke, Zumuntar Mata da anko, matasa da gita, ambulan na kuɗi a ƙarƙashin matashi. Shekara ta biyu sai ranar Kirsimeti da Ista. Yanzu in an ambace shi a sanarwa wasu sukan tambaya, ashe yana da rai? Ba mugunta ba ce, kowa da abin da ya dame shi, ga tsadar rayuwa. Amma maganin hawan jini kullum ake sha, kuma Mama ta yi shekara uku ba ta ci Jibin Ubangiji a majami'a ba don babu mai zama da shi. Mutumin bakin tafkin Betasda da ya yi shekara 38 a kwance, da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, abin da ya fara faɗa shi ne ba shi da kowa.

Tambayar "don me" kuwa tana nan. Da Allah ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, ya zagaya da shi ya nuna masa taurari da jimina da dorina, bai gaya masa dalilin wahalarsa ba ko da kalma ɗaya. Abin da Kiristanci ya ajiye a wurin bayani shi ne Allahn da ya shigo ya ɗanɗana, wanda ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon ba a ɗauke ba, wanda ko bayan tashinsa daga matattu tabon ƙusa yana hannunsa har ya nuna wa Toma. Wasu wannan ya ishe su su tsaya. Na kuma san waɗanda bai ishe su ba, suka daina zuwa, kuma ba ni da bakin da zan zarge su.

Ranar da Mama ta yi min tambayar ban ba ta amsar kirki ba, kame-kame na yi. Sai mako na gaba na koma da Littafi, na buɗe mata 1 Sarakuna 19, inda Iliya ya gudu jeji ya zauna gindin wani ɗan itace ya ce ya isa, Ubangiji ya ɗauki ransa. Ta ce, "Annabi guda? Sai Allah ya ce masa me?" Na ce bai ce komai ba tukuna, mala'ika aka aiko da waina da butar ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Ta yi shiru, sannan ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce, "Wainar a bar wa Hajiya. Ni barcin nake so."

Na kai maganar wurin shugabar Zumunta. Mata biyu suka ɗauki daren Alhamis, ɗaya wannan mako, ɗaya na gaba, ko da yake ɗayar ta fara latti. Shekaranjiya na leƙa da yamma, na durƙusa na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ɗaga hannun hagu kaɗan. Na juya na gaishe da Mama, tana matse zani a bokiti. Ta ce, "Jiya bai runtsa ba, ni ma haka. Jawo kujera ka riƙa yi masa fifita in shanya wannan."